RA'AYI: Dawowar Kyamarar Fim Da Darasin Da Ke Cikinta Ga Ma'aikatan Abuja

A watan Janairun 2012 kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya shafe fiye da shekara ɗari yana sayar wa duniya fim ɗin ɗaukar hoto, ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi. Jama'a da dama sun ɗauki wannan rana a matsayin ranar jana'izar kyamarar fim. Babban abin takaici ga kamfanin shi ne, injiniyansa ne, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, wata na'ura mai nauyin fiye da kilo uku da rabi, wadda take cin daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda a kan kaset. Ɗan da aka haifa a gidan shi ne ya tashi gidan.

Sai dai gawar ta ƙi rami. A 2018 Kodak ya dawo da fim ɗinsa mai kala da ake kira Ektachrome, bayan ya daina yin sa na wasu shekaru. A 2022 kamfanin Leica na Jamus ya sake fito da kyamararsa M6, wadda ta fara shiga kasuwa tun 1984. A 2024 kuma aka fito da Pentax 17 daga Japan, sabuwar kyamarar fim fil a leda. Kamfani ba ya zuba jari a kan abin da ba shi da masu saye, kuma da yawa daga cikin masu sayen matasa ne da suka buɗe ido suka tarar da waya a hannun iyayensu, ba su da wani tsohon zamani da za a ce begensa suke yi. To me suke nema a wurin na'urar da ba ta nuna maka hoton da ka ɗauka, ba ta gyara maka kuskure, kuma duk latsawar da ka yi sai ta ci kuɗinka?

Wannan tambaya ta shafe mu a nan Abuja fiye da yadda za a zata. Da wuya a sami garin da ake ɗaukar hoto a bakin aiki kamar wannan. Ziyarar ban girma, rattaba hannu kan yarjejeniya, ƙaddamar da kwamiti, miƙa rahoto, tarbar baƙo a filin jirgin sama, ko wanne sai an jeru an ɗauka, hadimai na gefe da wayoyinsu, mai hoton ofis na tsakiya yana ta zubawa kamar ruwan Agusta. Kafin Oga ya shiga mota hotunan sun isa WhatsApp da Facebook. Bayan wata shida kuwa, a nemi guda ɗaya mai kyau wanda aka san ranarsa da sunayen waɗanda ke cikinsa, sai a shiga 'yan kame-kame. A ganina, abin da ke jan mutane zuwa ga fim shi ne ainihin abin da hotonmu na aiki ya rasa, wato ɗaukar kowane hoto da niyyar ajiye shi.

Hoto 36 kacal

Saboda waɗanda ba su riski zamanin ba, ya kamata a yi bayanin yadda abin yake. Fim ɗin da aka fi sani, mai faɗin milimita 35, dogon zare ne na roba, an shafe fuskarsa da wani sinadari mai ƙunshe da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa waɗanda haske ke yi wa tasiri. Naɗi guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Da zarar ya ƙare, sai an naɗe shi, an kai ɗakin duhu, an wanke shi da sinadarai, sannan nagatif ya fito, daga nagatif ɗin kuma a buga hoto a kan kati.

A kyamarar da ake sarrafawa da hannu, mai ɗauka shi ke yanke kowace shawara. Shi zai zaɓi ƙarfin fim tun a wurin saye, ko mai lamba 100 don hasken rana, ko mai lamba 400 don inuwa. Shi zai murza gilashi har fuskar da yake nufi ta fito sarai. Shi zai ƙayyade faɗin ƙofar da haske zai shiga, da tsawon lokacin da labulen kyamara zai buɗe, ko kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, ko kashi ɗaya cikin 500. Kyamara irin Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997 kuma aka koyar da ɗalibai masu yawa da ita, ƙarfe ne da gilashi. Ƙaramin batirin da ke cikinta na ma'aunin haske ne kawai, ko an cire shi tana aiki. Ba ruwanta da an ɗauke wuta ko an kawo.

Tsofaffin masu hoto ma ba su cika dogara da ma'aunin ba, domin suna da ƙa'idar da suka haddace. Idan rana ta take, a sa ƙofar haske a lamba 16, a daidaita saurin labule da lambar fim, wato fim mai lamba 100 a ba shi kusan kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Idan hadari ya taso ko an shiga inuwa, a ƙara buɗe ƙofa. Wanda ya yi shekara yana aiki da wannan ƙa'ida, idonsa zai koyi bambanta hasken hantsi da na la'asar, da hasken damina da hazon hunturu, kafin ya ɗaga kyamara.

Ga misalin da duk mai hoton ofis ya sani. An gina ma'aunin haske ne a kan ya ɗauki duk abin da ke gabansa a matsayin matsakaici, toka-toka. Idan aka tsayar masa da baƙin mutum cikin farar babbar riga da ta sha sitaci, a tsakar rana, farin rigar zai ruɗe shi, ya rage haske, fuska ta fito duhu babu ido babu hanci. Mai kyamarar hannu dole ya tsaya ya tambayi kansa, rigar ya zo ɗauka ko mai rigar, sannan ya ƙara haske da gangan. Waya ma tana cin karo da wannan matsala, sai dai ita takan yanke hukunci ba tare da ta shawarce ka ba. Cikin ƙiftawar ido ta haɗa hotuna da dama ta mai da su ɗaya, wani lokaci ta goge tabo, ta wanke fata, ta miƙo maka abin da take ganin za ka so. Sakamakon yakan yi kyau, amma kai kanka ba za ka iya faɗin yadda aka yi ya fito haka ba. Masu komawa fim suna neman hoton da za su ce aikin hannunsu ne, da daidansa da kuskurensa.

Ƙarancin hotunan shi ne babban malami. Wanda yake da 36 kacal a hannu, kuma ya san kowane ɗaya kuɗi ne, ba ya latsawa sai ya duba bayan mutanen, ya jira mai magana ya rufe baki, ya jira hannuwa su haɗu. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma hoton da bai ci komai ba shi ake ɗauka ba tare da an kalli abin da ake ɗauka ba. Akwai binciken da ya taɓo wannan. Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield a Amurka ta zagaya da ɗalibai wani gidan adana kayan tarihi, ta sa su ɗauki hoton wasu kayan, wasu kuma su tsaya su kalla kawai. Washegari aka tarar sun fi tuna waɗanda suka kalla da ido. Amma waɗanda suka matso da gilashi a kan wani sashe na abin, wato suka sa hankali wajen ɗauka, tunaninsu bai raunana ba. Ashe laifin yana wurin latsawa babu natsuwa, kuma natsuwar nan ita ce fim ke tilasta wa mai riƙe da shi.

Abin da ya rage a hannu

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, musamman ga ma'aikacin gwamnati. Hoton fim yana barin abin da za a riƙe a hannu. Nagatif shi ne ainihin robar da take cikin kyamara a wurin, a ranar, hasken da ya fito daga fuskokin mutanen shi ya taɓa ta. Ba ya buƙatar caji, ba ya buƙatar lambar sirri, ba ya buƙatar wata manhaja. Bayan shekara hamsin, a ɗaga shi a gaban taga za a ga abin da ke ciki.

Tarihinmu shaida ne. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara aiki ne a 1954 a matsayin mataimaki a ɗakin wanke hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai da ke Ibadan, ƙaramin ma'aikaci kamar dubban da ke karanta wannan shafi. A 1968 ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya, ya tara kusan dubu, kuma a 2013 aka baje wasunsu a babban bikin zane-zane na birnin Venice a Italiya. Hotunan salon kitson da ya ɗauka na nan saboda ya adana nagatif ɗinsa cikin tsari. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shagon hotonsa a 1948, duniya ba ta san shi ba sai a farkon shekarun 1990, kuma abin da ya sa aka iya sake buga aikinsa shi ne bai zubar da nagatif ɗinsa ba. Solomon Osagie Alonge ya yi shekaru da dama yana ɗaukar hoton fadar Oba na Benin, kuma tarin aikinsa, har da nagatif na gilashi, yana gidan adana kayan fasahar Afirka na Smithsonian a birnin Washington. Abin farin ciki ne da aka tsare shi, abin tunani ne kuma da ya zama sai a can.

Misali mafi kusa da masu karanta Hausa ya fito ne daga fim mai motsi. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano nagatif ɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Shirya Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi tare da cibiyar Arsenal ta Berlin, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Shekara arba'in yana kwance, ba a ba shi kulawar da ta kamata ba, duk da haka ya tashi.

Yanzu a kwatanta da hoton da hadimi ya ɗauka jiya. Yana cikin wayarsa ta kansa. Wanda ya tura wa ofis ta WhatsApp an matse shi, ingancinsa ya ragu, bayanan rana da lokaci da ke maƙale da shi sun zube a hanya. Wayar na iya faɗawa ruwa, ko a fizge ta a cunkoso, ko ta cika a goge tsofaffi don a sami gurbin sababbi. Idan ma ta tsira daga duk wannan, ranar 29 ga Mayu na tafe. Oga zai sauka, hadimi zai tattara komatsansa, tarihin ma'aikata na shekara huɗu ko takwas ya bi shi gida a aljihu. Mai ganin cewa ajiya a intanet ta warware matsalar, ya tuna cewa a 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora na tsawon shekaru, a yayin sauya rumbun ajiya. Tun a 2015 Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa intanet, ya yi gargaɗin cewa 'yan baya na iya kasa buɗe abin da muke ajiyewa a yau, ya kuma ba da shawarar cewa hoton da mutum ya damu da shi ya buga shi a takarda.

Gani ya daina korar ji

Akwai kuma batun gaskiyar hoto. A da idan gardama ta yi tsawo akan ce gani ya kori ji, a fito da hoto, magana ta ƙare. A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis cikin wata farar rigar sanyi mai kumburi ya karaɗe duniya, alhali ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi. A watan Mayun shekarar wani hoton bogi na fashewa kusa da hedikwatar tsaron Amurka ya girgiza kasuwar hannun jari na ɗan lokaci. Duk wanda ke aiki kusa da mai riƙe da muƙami ya san ranar da za a haɗa wa maigidansa hoto a wurin da bai taɓa zuwa ba, ko tare da wanda bai taɓa gani ba, ba ta da nisa.

Ba a ce hoton fim ba ya ƙarya. A Tarayyar Sobiyet ta zamanin Stalin an riƙa goge mutanen da aka yi fushi da su daga hotunan hukuma, kuma da hannu aka yi, babu kwamfuta. Amma fim yana da asali guda da za a koma wa. Zaren nagatif yana ɗauke da hotuna a jere, kowane da lambarsa, wanda ya gabata da wanda ya biyo, kuma yi masa ƙari ko ragi ba tare da barin alama ba abu ne mai wuya. Kamfanonin kyamarar dijital sun fahimci darajar wannan, shi ya sa a 2023 Leica ya fito da kyamarar da ke sa wa kowane hoto hatimin da ke nuna asalinsa da duk gyaran da aka yi masa. Wato ana ƙoƙarin ƙirƙiro wa dijital abin da fim ya zo da shi tun daga haihuwa.

Hujjar masu suka

Masu sukar wannan yayi suna da hujjoji, kuma wajibi ne a saurare su. Fim kaya ne na shigowa daga waje, kuma tun da aka saki naira a 2023 duk abin da ake saye da dala ya fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikata. Shagunan wankin hoto da suka cika garuruwanmu a da, yawanci sun rufe ko sun koma buga hoton dijital. Zafi yana lalata fim ɗin da ba a ɗauka ba, shi ya sa ake ajiye shi a firji, danshi kuma yana cin nagatif ɗin da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ga shi hoto mai kala yana dusashewa da shekaru. Sinadaran wanki ma ba abin zubarwa a kwata ba ne. Fim ɗin kansa yana da tabo a tarihinsa, domin an daɗe ana auna kalarsa da hoton mace farar fata, abin da ya sa fuskokin baƙaƙe suka sha wahala a hotuna masu kala na da. Sannan aikin jarida na yau ba ya jiran ɗakin duhu. Kuma gaskiya ne cewa wasu masu rataya tsohuwar kyamara a wuya ado suke yi da ita, kuma a ƙarshe hoton nasu a Instagram yake ƙarewa kamar na kowa.

Duk wannan haka yake. Saboda haka kada wani ya karanta wannan sharhi ya tashi ya rubuta takardar neman a saka sayen kyamarorin fim a kasafin baɗi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a mai da ita abincin yau da kullum. Abin ɗauka shi ne tarbiyyar da fim ke koyarwa, kuma wannan ba ta buƙatar kwangila.

Abin yi

Na farko, a san cewa hoton da aka ɗauka a bakin aiki dukiyar hukuma ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati adana bayanan ayyukansu, kuma a cikin abubuwan da ta lissafa a matsayin takardun hukuma har da hoto da fim da nagatif. Hadimin da ya tafi da su gida tamkar wanda ya tafi da fayil ne, ko da bai yi da mugun nufi ba. Ya kamata miƙa hotuna ya shiga cikin takardar miƙa aiki, kamar yadda ake miƙa mota da makullin ofis.

Na biyu, kowane sashen watsa labarai ya ɗauki al'adar zaɓe. Daga cikin ɗaruruwan hotunan taro, a ware biyar ko goma, a ajiye asalinsu kamar yadda suka fito daga kyamara ba wanda ya bi ta WhatsApp ba, a rubuta rana da wuri da sunayen mutane daga hagu zuwa dama da sunan wanda ya ɗauka. A matsayina na mai tace labarai, na san hoton da ba shi da wannan bayani rabin hoto ne, domin bayan shekara goma babu wanda zai iya rantsuwa a kan ko su waye a ciki. A ƙarshen shekara a buga zaɓaɓɓun a kan kati mai inganci, a ajiye kwafi a ma'aikata, a tanadi wani don Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1954 kuma take da manyan rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna.

Na uku, a waiwayi abin da aka gada. Ranar 12 ga Disamba, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta dawo da mazaunin mulki daga Legas zuwa Abuja, da fim aka ɗauki hotunan. Haka ginin sakatariya, da titunan farko, da ƙauyukan da aka tasa. Ya kamata kowane babban sakatare ya tambaya ko akwai akwatin nagatif a ɗakin ajiyar ma'aikatarsa, a fito da shi daga danshi, a kwafe shi a kwamfuta, a kuma riƙe asalin. Haka ma a gidajenmu. Ambulan ɗin da ke ƙasan akwatin Hajiya, mai ɗauke da baƙaƙen zaruruwan da yara ke wasa da su, shi ne asalin hoton auren iyaye da na ranar suna, kuma daga gare shi za a iya buga sabo ko da na jikin bango ya koɗe.

Matashin mai hoton da ya sami hali, ya nemi tsohuwar kyamarar hannu ya ƙarar da naɗi biyu ko uku, zai ga yadda idonsa zai sauya ko bayan ya koma dijital. Wanda bai samu ba, ya gwada ƙayyade wa kansa hoto 36 a taro na gaba, kada ya duba allo sai an tashi. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa abin da ba ya cikin fayil tamkar bai faru ba. Waɗanda za su zauna a kujerunmu nan da shekara talatin za su nemi sanin yadda aka gudanar da ƙasar nan a zamaninmu, kuma abin da muka zaɓa, muka rubuta wa suna, muka ajiye a inda za a same shi, shi kaɗai za su tarar.